Zaman Dole a Catford

Ba a gidan banza na tashi ba. An haife ni a London lokacin da mahaifina yake karatu, aka mayar da ni Kano ina ɗan shekara uku, na yi allo na yi boko kamar kowa. A farkon shekarun 1980 na dawo don in karanci aikin injiniya. Karatun bai yi nisa ba na watsar, na kama tuƙa wani Alhaji ɗan garinmu mai gida a nan, wanda yake zuwa da iyalinsa lokacin hutu. In sun koma Najeriya, ni ke kula da gidan.

Watanni nake yi ni kaɗai a wannan ƙaton gida. Na yi abokai a unguwa, na fara da giya, na koma wiwi. Wata rana ɗayansu ya zuba hodar hiroyin a kan takardar cikin kwalin taba, ya hura wuta a ƙarƙashi, ya ce in shaƙi hayaƙin. Na ce sau ɗaya dai ba zai yi komai ba. Kafin shekara ta zagayo, ba na iya miƙewa da safe sai da ita.

Rediyon ɗakin baƙi na fara sayarwa, sai bidiyo, sai sarƙar gwal ɗin Hajiya. Da suka dawo aka nemi sarƙa aka rasa, Alhaji ya kira ni gefe ya ce, "Kai nawa ne. Wa kake zargi?" Na ambaci Adiza, wata 'yar Gana mai yi musu shara da guga, uwar 'ya'ya uku. A ranar aka kore ta. Ni na riƙe mata ƙofa ta fita.

Ni ma ban daɗe ba aka sallame ni, don na fara gyangyaɗi a kan sitiyari. Daga nan sai fasa gidajen mutane da rana in sun tafi aiki, har aka kama ni da talabijin a hannu. Alƙali ya ba ni shekara huɗu. Makon farko a kurkuku amai da zawo da ciwon ƙashi suka kusa kashe ni. Da jikina ya lafa, sai na ɗauka na warke.

Bayan shekara biyu aka sake ni bisa sharaɗi. Zan riƙa bayyana gaban jami'ar da ke sa ido a kaina, wata Baturiya mai suna Misis Collins, kuma duk Talata da Alhamis sai na halarci zaman masu fama da shaye-shaye a wani ɗakin taro na ƙaramar hukuma da ke unguwar Catford. In na yi fashi ba dalili, a mayar da ni gidan yari.

Na ce mata, "Ni na daina. A al'adarmu ma ba a tona asirin kai a gaban baƙi."

Ta ce, "Ban ce ka so wurin ba. Cewa na yi ka je."

Na riƙa zuwa, amma wata biyu ban buɗe baki ba. Nakan zauna kusa da ƙofa ina raina su, ina ganin ni ɗan mutunci ne da ƙaddara ta faɗa wa, su kuwa 'yan maye. Wani magini mai suna Terry, wanda shi ma sharaɗi ya kawo shi, kullum sai ya haɗa min shayi ya ajiye a gabana. Rannan ya ce, "Wata shida na yi a kujerar nan ina jiran a tashi. Ba kai ka fara ba."

A wata na uku na haɗu da tsohon dillalin da ke sayar min da hodar a tashar bas. Ko minti biyar ban yi ina gardama da raina ba, na saya na sha. Washegari Alhamis ce. Na tsaya a bakin ɗakin taron ina tunanin in gudu Manchester in ɓace. Terry ya iso, ya kalli idanuna, ya gane. Ya tura ƙofa ya tsaya yana jirana.

Ranar na yi magana. Na faɗi abin da na sha jiya, daga nan kuma bakina ya ƙi tsayawa, har na kai ga Adiza, wadda ko a sallah ban taɓa yarda na tuna ta ba. Babu wanda ya zage ni, babu kuma wanda ya ce ba komai.

Da ƙafata na je na gaya wa Misis Collins, na tabbata kurkuku zan koma. Ta daɗe tana rubutu, sannan ta ce, "Dole in kai rahoto, amma zan rubuta cewa kai ka kawo kanka." Ba a mayar da ni ba. Aka haɗa ni da likita, aka ƙara min zaman Asabar.

Bayan wata shida na nemo Adiza ta hannun limamin 'yan Gana. Na same ta tana aiki a wani shagon wanki. Ta saurare ni har ƙarshe tana ninke kaya, ta ce da Hausarta ta zango, "Na san kai ne tun ranan. Shekara guda ba mutum ya ba ni aiki. Je ka faɗi ma Alhaji da bakinka, sa'an nan ka zo mu yi zancen gafara." Na je na faɗa masa. Shi har ya rasu bai sake yi min magana ba. Ita ta yafe.

Terry ya riga ni gama wa'adinsa. Ya yi mana sallama yana dariya, ya ce ya samu 'yanci, ba ya bukatar kowa. Kafin hunturu ya wuce ya koma shaye-shaye, aka tsinci gawarsa a gidansa. Saboda haka ranar da nawa wa'adin ya cika, na sa hannu a takarda, Talata ta zagayo na koma na zauna ba wanda ya aike ni. Shekara bakwai na ƙara ina zuwa.

'Yan'uwana matasa, ban san abin da ake miƙo muku a yau ba, amma na san da fara'a ake miƙo shi, kuma aboki ne mai miƙowa. Ku ƙi na farko, shi ne mai sauƙin ƙi. Wanda kuma ya riga ya faɗa, kada ya jira alƙali kamar yadda na jira, ya nemi mutum ɗaya ya gaya masa gaskiya yau. In kuwa hukuma ce ta tilasta maka zaman magani, ka je ko kana jin haushi, ka kuma koma. Ni da haushin na fara, kuma da an bar min zaɓi, da ban kai ga rubuta muku wannan ba.