Ranar da Na Tsaya a Majalisa Ni Kaɗai

Har yau ban manta da Larabar da majalisar kansiloli ta kira ni ba. Ku da kuka shigo harkar citta bayana kuna ganin takardar yabo rataye a shagona, shi ya sa nake so ku ji yadda aka yi ta zo.

Motata tana ɗaukar busasshiyar citta daga Kafanchan zuwa Kano, ta bi ta Zariya. Wata mata mai suna Mama Rifkatu, manomiya daga Kwoi wadda nake sayen citta a hannunta, ciwon daji ya kashe mata 'ya. Bayan rasuwar ta same ni a shago ta ce, "Alhaji, gaban motarka yana tafiya banza. Ba ni shi." Daga nan duk Laraba, ranar da likitan yara ke zama a asibitin Zariya, direbana yake ɗaukar uwa da yaro mara lafiya. Ita ke bin ƙauyuka tana gano su, ita ke lallashin uban da ya ce jifa aka yi wa ɗansa, ita ke kwana da su a barandar asibiti. Mata shida na cocinsu suka bi ta. Ni kujera kawai na bayar.

Da kansilan mazaɓarmu ya ji labari, sai ya shirya ƙudurin yabo. Ga wanda bai sani ba, kansila ɗaya ne ke gabatar da ƙuduri, wani ya goya masa baya, sannan a shigar da shi kundin majalisa. Baƙo yana zama a benci na baya, ba ya magana. Akawun majalisa ya nemi adireshin ƙungiyar matan, su kuwa ba su da ofis, suka ba da na shagona. Haka takarda ta fito da sunana a matsayin wanda ya kafa ƙungiyar.

Zaman ya faɗo ranar Laraba. Na roƙi Mama Rifkatu ta ɗaga tafiya. Ta ce, "Allurar yaro ba ta jiran majalisa. Kai ka je."

Na isa da wuri, na tare kansila a baranda. Na ce, "Honorabul, sunan nan ba daidai ba ne. Mai aikin tana kan hanyar Zariya."

Ya ce, "Alhaji, an riga an buga. Sai dai in nemi gyara a zaure, kuma dole wani ya goya baya."

Na ce ya nema. Na sha shawo kan mutum a ciniki, na ɗauka wannan ma haka ne.

An jera benci huɗu domin baƙi. Ni kaɗai na zauna. Kansila ya cika alkawari, ya miƙe ya ambaci sunanta. Shugaban majalisa ya tambaya ko akwai mai goyon baya. Babu wanda ya ɗaga hannu. Ba mugunta suka yi ba, babu wanda ya taɓa jin sunan, kuma ba ta nan balle su gan ta. Na san ƙauyukan da ta taka da ƙafa, amma doka ta rufe mini baki. Shugaban ya sake tambaya, sannan ya wuce. Aka karanta sunana, aka ce in miƙe. Na tsaya suna tafi, ina kallon benci.

Ranar Asabar na hau babur zuwa Kwoi da takardar. Na same ta tana kankare citta. Na faɗa mata duk yadda aka yi. Ta goge hannu a zani, ta riƙe takardar ta gefe, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ajiye a shagonka. Rufin ɗakina yana yoyo." Sannan ta ce akwai wata yarinya a Madakiya, in gaya wa direba ya tsaya a mahaɗa.

Shekara talatin ina buga alamar shagona a buhun cittar da wani ya noma, ban taɓa jin komai ba sai ranar. Sana'armu haka take, sunan da ke kan buhu shi ake sani a Kano. Don haka duk wanda ya tambaye ku takardar nan ta wace ce, ku ce ta Rifkatu ce, ajiya ta ba ni.