Matar da ta ƙi yi wa donot ɗin jiya kwalliya

Kafin a buɗe shagon donot ɗin da ke bakin layinmu, Inna, dattijuwar da ke musu suya, ta riga ta kwaɓa fulawa, ta ɗora mai. Na farkon da ya fito daga kasko ba ta yi masa kwalliya. Haka take karya shi tsirara, ta shinshina, ta duba cikinsa. In bai yi mata ba, kwaɓin nan kaf ba zai ga mai saye ba.

A gaban shago kuwa sai iyayi. Wannan donot mai koren shayi ne irin na ƙasa kaza, wancan mai kirfa da kwakwa irin na ƙasa kaza. Ga hoton mai shago a bango da farar hular kuku, mutumin da ko ƙwai bai iya soyawa ba. Inna ko filin jirgi ba ta taɓa takawa ba, amma duk ƙasashen nan daga hannunta suke fitowa, hannun da tafasasshen mai ya cika da tabo.

Yanzu an ce wai ta yi ritaya. Ƙarya ne, korar ta aka yi, kuma raina a ɓace yake. Mai wanke-wanken shagon tana wurin, ita ta ba ni labari. Mai shago ne ya shigo kicin da tiren donot ɗin da ya kwana.

“Inna, lafta masa cakulan da yawa. Wa zai gane?”

“Ni zan gane, ɗan nan. Yara fa ke ci.”

“To, ko ki yi, ko ki je ki huta. Dama shekaru sun ja.”

Ya san sarai marayun jikoki take riƙo da aikin nan, shi ya sa ya zaci za ta sunkuyar da kai. Inna ta dubi tiren, ta dubi kwaɓinta da ya tashi.

“Bari in soya wannan tukuna, shi bai yi mini laifin komai ba.”

Ta soye shi tas, ta wanke kasko, ta ɗauki mayafinta.

Inna, ke ce mai gaskiyar bayan labule. Ke kika ciyar da 'ya'yanmu shekara da shekaru, mu kuma muna ta yaba hoton bango. Mun gode, Allah ya saka, ya raya jikokin nan.

Masu sana'a, ku yi koyi da ita. Masu saye kuma, ku sani ta kafa kaskonta a ƙofar gida, ba hoto, ba sunan ƙasar kowa. In kuma kun fi son shagon, ku ce a ba ku donot tsirara, ku karya a gaban mai shago, ku kalli idonsa.