Baba Mai Wayarin ya ƙi ajiye filaya

A layinmu da wuya ka sami gidan da ba Baba Mai Wayarin ne ya ja wa waya ba. Tun yana saurayi yake shiga silin mutane, filaya a aljihun baya, testa a bayan kunne. Wuta ta taɓa jefo shi daga kan tsani, ta bar masa yatsu biyu a ƙandare, amma ba ya yarda a zage ta.

"Wuta ba ta da mugunta," in ji shi. "Ta fito ta wannan waya, dole ta koma ta waccan. Ka sa jikinka a hanya, ta bi ta kanka. Laifin wa?"

Da gwiwa ta fara ba shi wahala, babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta sa aka ɗauke tsaninsa aka kai gidanta.

"Baba, ka huta haka nan. Ai ba mu gaza ba."

"Na ce kun gaza? Ni ne dai ban mutu ba."

Bai je bikon tsani ba. Ya jawo tsohon tebur zuwa bakin ƙofa, ya kafa soket a gefe. Nan da nan maƙwabta suka cika shi da dutsen guga da fanka da butar lantarki.

Wata rana 'yar ta tarar da shi ya buɗe cikin wata fanka, yana ta ƙanƙance ido yana laluben waya. Ta kwashe kayan aikin ta zuba a jakarta.

"Ajiye," ya ce. "Filayar nan ta girme ki. Ƙafa ce ta ƙi ni, hannuna bai ce ya gaji ba."

"Idon fa, Baba? Jar waya da baƙa ma ba ka rabewa."

Ya san gaskiya ta faɗa. Can ya ɗago.

"In ƙwan lantarki ya ƙone, ƙwan ake canzawa. Ba a yanke wa gida wuta."

Da kansa ya ce ta kai shi asibitin ido, suna tafe suna musu. Aka cire masa yanar ido. Ranar da aka kwance bandeji, 'yar ta matso da fuskarta ta ce, "Baba, kana ganina?"

"Ina ganinki sarai. Matsa mini. Wane ne ya ɗaura musu soket ɗin can a karkace?"

A makon ya koma teburinsa, da tabarau mai kauri a kan hanci.