Ranar Da Ƙungiyarmu Ta Ci, Ni Aka Ɗaure

Ɗan kawuna Sahabi ne ya kai ni gidan yari. Shi ya sayi kayan, shi ya ce in zuba su cikin gangata, kuma da aka kama ni shi ya fara marina a gaban jama'a yana cewa na kunyata ƙasa. Na fara da wannan ne don ba na son kewaye-kewaye. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, samari. Hannun da ya ɗinke fatar gangar nan nawa ne, kuma ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya.

Ni mutumin Geza ne, cikin ƙasar Bagudo. Ubana makaɗin noma ne. In an yi gayya shi ake kira da babbar gangarsa, ya bi bayan manoma yana yi musu kirari har su manta da rana. A wurinsa na koyi kiɗa, na koyi jiƙa fatar akuya, a ja ta a kan bakin ganga, a ɗinke, a bar ta ta bushe har ta yi murya. Boko kuwa aji biyu na sakandare na tsaya, shekarar da ya rasu. Ya bar mini Inna, da 'yar gona, da gangar. Na yi aure, matata Kulu. Ba mu da komai, amma ba a taɓa kiran sunana a gaban hakimi ba.

Sahabi ya girme ni kaɗan. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, saboda haka taubasai muke. Tun muna yara “bawana” yake kirana, ni kuma dole in yi dariya. Mutum ne mai baki. Ya yi sumogal ɗin fetur a kan babur, ya yi dillancin shanu, daga baya sai ga shi da wata sabuwar dabara: ya kafa ƙungiyar magoya bayan ƙwallo a Bagudo, ya naɗa kansa ciyaman.

Bari in yi bayani don wanda bai sani ba. Kowace shekara manyan kulob na ƙasashen Afirka suna gasa. Kafin a shiga gasar sosai akwai zagayen share fage: a haɗa kulob biyu na ƙasashe daban, a buga wasa ɗaya a gida, ɗaya a waje, a haɗa ƙwallaye, mai yawa ya wuce, ɗayan ya koma gida sai baɗi. In an haɗa wani kulob namu na Arewa da na Benin ko Togo, ɗauko magoya baya daga birni tsada ne. Mu kuwa muna bakin iyaka. Sai Sahabi ya je ya shirya da shugabannin kulob ɗin, su ba shi riguna da tutoci da mota, shi ya kawo masu ihu.

“Bawana, kiɗan noma ya mutu,” ya ce da ni. “Yanzu maganin feshi ka noma, wa zai kira gayya? Taho ka ga duniya.”

Na tafi. Kuma wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ni da ban taɓa wuce Birnin Kebbi ba, ga ni a filin wasa can kudancin Benin, ga fitilu, ga mutane kamar fari. Mu 'yan kaɗan a lungu ɗaya, amma in na saukar da gula a kan gangar ubana har 'yan wasa sai sun waiwayo. Wani mai tsaron gida ya taɓa zuwa bayan wasa ya sumbaci gangar. Na dawo Geza ina jin kaina wani ne.

A tafiyar farko jarkokin fetur ne a ƙarƙashin kujeru, muka sauke su a Segbana, cikin Benin. A dawowa buhunan shinkafa. Kowa a motar ya sani, kowa ya samu ɗan rabonsa, ba wanda ya kira shi laifi. A wurinmu wannan kasuwanci ne kawai.

Abin da Sahabi ya lura da shi a wannan tafiyar shi ne ya kashe ni. An ci mu, an fitar da mu. Muka iso iyaka shiru, tutoci a naɗe, kowa ya sunkuyar da kai. Ma'aikatan da ke bakin shinge su ma 'yan ƙwallo ne, sun riga sun ji a rediyo. Ɗayansu ya leƙo ta taga ya ce, “Sannunku, sannu. Allah shi kai mu baɗi.” Ya ɗaga mana hannu. Motar da aka fitar daga gasa kamar motar gawa take. Ba mai son ya tsayar da ita ya bincike.

Shekarar da ta biyo, bayan an sake cin mu a waje, Sahabi ya kira ni ɗakinsa a masaukinmu. Ya buɗe wani kwali. Ƙwaya ce, irin wadda samari ke sha su yi aiki kamar jakuna, daga baya su haukace.

“Ka buɗe bakin ganga guda, ka jera su, ka cusa auduga kar su yi motsi, ka mai da fata. Wa ka yanka gangar makaɗi?”

Na ce, “Sahabi, wanga ba shinkafa ba ce.”

Ya yi dariya. “Mi kaka tsoro, bawa? Ubangidanka na nan. Kai ba ka son Inna ta kwana ƙarƙashin kwano?”

Ɗakin Inna yana zuba a lokacin, ya sani. Na jiƙa fata, na kwance, na jera, na ɗinke. Muka wuce iyaka ana yi mana jaje. Kafin damina na yi wa Inna rufin kwano, na sayi babur. Da ta tambaye ni, na ce kulob ne ya yi mana alheri. Ta sa wa kulob albarka.

Ga abin da nake so ku gane. Ganga cikakkiya ba ta magana. Muryar ganga iskar cikinta ce, in ka cusa mata auduga ta mutu. To sana'armu ta dogara ne a kan kada a nemi in yi kiɗa a hanyar dawowa, wato a kan a ci mu. Sai na zama mutumin da yake tsaye a filin wasa, riga mai launin ƙungiya a jikinsa, yana dukan ganga yana kiran sunayen 'yan wasa, a zuciyarsa kuwa yana roƙon Allah ya kunyata su. In ɗan wasanmu ya zubar da ƙwallo a bakin raga, jama'ata su dafe kai, ni ma in dafe, amma sanyi nake ji a raina. Ban san akwai ƙazantar da ta kai wannan ba. Kuma Allah ya yi ta ba ni abin da na roƙa, shekara bayan shekara.

Sai shekarar ƙarshe. An haɗa mu da wani kulob na Benin, suka zo har gida suka ci mu. Kowa ya ce an gama, wasan waje cika umarni ne kawai. Sahabi ya yi odar kaya fiye da kullum tun kafin mu tashi, har ya sa na haɗa ganga ta biyu.

'Yan wasan namu ban san abin da suka ci ba ranar. Kafin hutun rabin lokaci suka farke. Ana gab da tashi wani siririn yaro ya sa kai, ƙwallo ta shiga. Mun wuce. Mutanenmu suna kuka, suna ɗaga ni sama da gangata, ni kuwa kayan Sahabi nake tunani.

A masauki na ce da Sahabi mu bar kayan, mu dawo musu wani lokaci.

“In bar su wurin wa? Masu kayan na jira Jega, kuma ba su san wasa ba. Ka ɗaure hannunka da tsumma, ka ce ya kumbura da kiɗa. Ga kalangu, ga kakaki, su isa.”

Nan ne ya kamata in ce a'a. Na sani a lokacin, ba daga baya ba. Na ɗinke gangunan, na ɗaure hannuna.

Muka iso iyakar Tsamiya da hantsi. Tun daga nesa na hango taron. 'Yan kabu-kabu sun jeru suna ta hon, mata masu tallar fura sun ajiye ƙwarya suna guɗa, ma'aikata sun fito daga rumfarsu. Babbansu, wani dogo mai fara'a, ya tsaya tsakiyar hanya ya buɗe hannuwa.

“Yau ba mai wucewa sai an yi muna kiɗa! Kullum kuna wuce mu kamar an yi mutuwa. Ina mai babbar ganga? Sauko!”

Na sauko. Na nuna masa hannuna na ce, “Ranka shi daɗe, hannu ya ƙi.”

“Kai, sannu, jarumi! To kawo gular, yau ni ne makaɗi.”

Ba da mugunta ya yi ba, murna ce kawai. Yaransa suka sauko da gangar daga saman mota, ɗayansu ya ce, “Oga, wagga ganga ta ci tuwo.” Aka yi dariya. Ya ɗaga gula ya buga. Tib. Kamar an doki katifa. Ya sake bugawa. Tib. Masu kalangu suka tsaya. Ya dube ni, na ga fara'ar tana barin fuskarsa a hankali. Ya ce a ba shi wuƙa.

Da ƙwayoyin suka zubo a kan kwalta, kafin kowa ya yi magana Sahabi ya ratso mutane ya ɗauke ni da mari.

“Ɗan banza! Mu muna can muna ɗaga sunan ƙasa, kai kana wanga aiki? Ranka shi daɗe, ku tahi da shi. Ɗan'uwana ne, amma ku tahi da shi.”

Motar ta wuce da tutocinta. Ina zaune a ƙasa da ankwa ina jin kalangu yana nisa.

A wurin bincike na faɗi sunan Sahabi. Amma duk motar sun shaida ni kaɗai ke taɓa gangunan, kuma gaskiya ne. Sai Kawu, uban Sahabi, ya ɗauko Inna ya kawo ta inda nake tsare. Ta rame. Ta riƙe ƙarfen ƙofa ta ce, “Shi kaɗai gare ni ɗan'uwa duniya. In an ɗaure ɗansa da bakinka, da wane ido zan shiga gidanmu? Sun ce za su ɗauki lauya, za su riƙe ni da Kulu. Ka janye, don nonon da ka sha.” Na janye. A gaban alƙali na ce ni kaɗai ne.

Lauya bai zo ba. Buhun gero ɗaya suka kai gidanmu, shi ke nan. Na shiga gidan yari da baƙin gashi na fito da furfura. A ciki na ga yaran da irin kayana suka lalata, wani yana magana da bango, wani ya kashe ƙaninsa bai ma tuna ba. Tun ina cewa ni dako kawai na yi, har na daina. A nan na koyi tsayar da salla, na roƙi Allah gafarar abin da hannuna ya yi, kuma har yau ina roƙo. Inna ta rasu ina ciki, labari ya iso ni bayan an yi sadakar arba'in. Kulu ta jira iyakar ƙoƙarinta, sannan ta je kotu aka raba auren. Ban ga laifinta ba.

Yanzu dakon buhunan albasa da shinkafa nake yi a kasuwa. Ba mai kirana kiɗa, ni ma ban nema ba. In ana nuna wasan share fage a gidan kallo, nakan canza hanya. Ba zan ce muku rayuwata ta gyaru ba, don ba ta gyaru ba. Tuba tana wanke mutum a wurin Allah, amma ba ta mai da uwa, ba ta mai da shekaru.

Ku samarin bakin iyaka, ku ji. Ba baƙo ne zai kawo muku wannan aikin ba, naku ne, wanda kuke ci a kwano ɗaya. Zai fara da jarka ɗaya. Ku duba da kyau: kayan a jikin wa suke, shi kuma ina yake zaune? In aka ce ka ɗauki abin da ba za ka iya buɗewa a gaban uwarka ba, ajiye shi, ko da za a kwana da yunwa.

Sahabi kuwa ya gina bene a Bagudo, ana gaishe shi da cire takalmi. Bara ya biya kujerar Makka. Kun san al'ada, mai tafiya yakan zaga dangi neman gafara. Ya same ni a kasuwa da buhu a kaina, tare da shi liman da dattawa biyu. Ya miƙo mini hannu yana murmushi.

“Bawana, za ni ɗakin Allah. Duk abin da ya taɓa shiga tsakaninmu, na sani da wanda ban sani ba, a yafe.”

Na sauke buhun. Na ce, “Wane abu? Faɗe shi. Ga liman, ga dattawa. Ka ce kayan naka ne, ka ce kai ka sa Inna ta roƙe ni, ka ce kun bar ta ta mutu ba mai kai ta asibiti. Ka faɗa da bakinka, wallahi kafin ka rufe shi na yafe.”

Ya dubi liman, ya dubi 'yan kasuwa da suka fara matsowa. Ya yi 'yar dariya ya ce, “Kun ji taubashi da wasa.”

Liman ya ce, “Haba, a yi haƙuri, zumunci ne.”

Na ce, “Malam, na yi haƙurin, shi ya kawo ni nan.” Sannan na dubi Sahabi cikin ido na ce, “Ni na faɗi nawa gaban alƙali, har na haɗa da naka na ɗauka. Kai ko kalma guda ka kasa. Tahi Makka, Allah shi kai ka lahiya. Amma ka tahi da sanin ban yafe ba. Ni da kai da Inna, akwai inda za mu tsaya, kuma can ba wanda zai janye maganarshi don kai.”