Baturen Kanada da Jitarsa Mai Tsirkiya Huɗu

A shekarun saba'in ina gyaran rediyo a wani ɗan shago a unguwar Nuzla, can ƙasa mai tsarki. Wata Alhamis bayan la'asar sai ga wani dogon Bature, furfura ta fara cin gemunsa, rungume da akwatin ƙara sauti. Ɗan Kanada ne, makanike a tashar jiragen ruwa. Larabcinsa a karye yake, Turancina kuwa ya fi lalacewa, amma mun fahimci juna.

"Ya mu'allim, ya mutu," ya ce, yana shafa akwatin.

Na buɗe bayansa. Danshin teku ya ci wayoyin, ko'ina tsatsa. Na ce sai na nemo kayan gyara, ya ba ni wata guda. Bai iya haƙuri ba. Duk Alhamis sai ya zo ya zauna a benci, in zuba masa shayi. A haka na ji labarinsa guntu-guntu.

Ya fi shekara goma yana kaɗa jita mai kaurin murya, mai tsirkiya huɗu, a wata ƙungiyar kiɗan rok. Su huɗu ne, abokai tun makaranta. Gari-gari suke bi a tsohuwar mota cikin dusar ƙanƙara, wani wurin masu sauraro ba su cika benci biyu ba. Sun buga faifai ɗaya. Ana nan ƙofar motar ta datse masa yatsu biyu na hagu. Kafin ya warke sun ɗauki wani, kuma bayan nan ne suka yi suna.

"Sun zo duba ka?" na tambaye shi.

"Mai ganga ya zo sau ɗaya. Bai zauna ba."

Ranar da na gama gyaran ya zo da jitar. Na janyo ƙofar shago, muka jona. Da ya taɓa tsirkiyar farko, a ƙirjina na ji sautin, sukurorin da ke kan tebur suka hau rawa. Ya fara wani kiɗa a hankali. Da ya zo wurin da ake sauri, yatsun nan biyu suka ƙi. Ya koma farko, suka sake ƙi. A karo na uku ya ɗora tafin hannunsa a kan tsirkiyoyin.

"Halas," ya ce da Larabci, wato shi ke nan.

Na rasa inda zan sa idona. Sai na ji da ma na ce masa akwatin ba ya gyaruwa.

Ya yi godiya sosai, na taya shi kai kayan mota. Ya sake zuwa shan shayi sau biyu, ba mu yi zancen kiɗa ba. Daga nan shiru.

Bayan Hajji na haɗu da direban kamfaninsu, wani Bahaushen Sudan, a unguwar Mahjar. Ya ce Baturen ya kwanta ciwo, kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, bai sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, ba, an mayar da shi gida.

"Da sauƙi ya tafi?"

"Ɗauke shi aka yi zuwa jirgi," in ji direban. Iyakar abin da ya sani ke nan, ni ma ban ƙara jin komai ba.