Babur Ɗin Malamin Gona da Shanyar Inna

Wata ranar Talata ce da hantsi, bayan girbin shinkafa, cikin hutun shekarar da nake aji biyar. Mazan unguwarmu duk sun watse kasuwa. Inna ta turara shinkafa tun da asuba, ta baza ta a kan daɓen ƙofar gida, ta miƙo mini tsumagiya in kore mata awaki da kaji. Kafin Baba ya fita sai ya tsaya a kaina. Dama ya daɗe yana neman dalilin cire ni daga boko ya kai ni gonarsa ta Bakolori, Inna ce ke tarewa. Sati guda kafin nan na bar jakinmu ya shiga albasar maƙwabci. "Wagga ita ta ƙarshe," in ji shi. "In anka taɓa shinkafar ga, kai da boko kun gama."

A lokacin babur ɗaya ne tal a unguwar, na malamin gona, irin dogon nan na ratsa fadama, tayoyinsa da gurzagurza kamar bayan kada. Ɗansa Lawwali ya girme ni da shekara uku, ƙafarsa ko ƙasa ba ta kaiwa, sai ya taka turmi yake hawa. Duk ranar da uban ya shiga mota zuwa Bakura ko Maradun, Lawwali zai ɗauko babur ɗin ya faɗa lunguna. Ya taɓa kwashe butar liman, ya taɓa shigar da wata mai fura zauren da ba nata ba. Tsofaffi na tsine masa daga kan tabarma, mu kuwa da motocinmu na kara muna bin sa a guje, muna yin ƙarar da baki, muna shaƙar hayaƙin kamar turare.

Ranar nan sai ga shi ya tsaya gabana, ya ce in hau, zagaye ɗaya kawai ya dawo da ni. Na dubi shinkafa, na dubi babur. Wayon da ya zo mini shi ne in kafa tsumagiyar a tsakiyar shanya, wai awaki su zaci ina nan. Munka bi ta rijiya, munka watsa agwagin gidan mahauta, ina riƙe da rigarsa ina jin duniya tawa ce. Muna shawo kwanar lungunmu na hango awaki sun yi sahu cikin shinkafa, wani bunsuru har yana soshe wuyansa da tsumagiyata. Na yi ihu. Lawwali ya ce in bar shi da su, yanzu zai nuna musu. Ya nufe su gadan-gadan, ya taka birki a tsakiyar shanyar. To duk wanda ya taso Mafara ya san shinkafa a kan daɓe ta fi kuɓewa santsi, amma ɗan malamin gona bai sani ba. Babur ya kwanta ya share rabin shanyar zuwa kwata, ni kuma na gaisa da turmin Inna da baki. Lawwali ya tashi ko ƙwarzane babu, ya tura abinsa ya ɓace.

Inna ba ta buge ni ba, da ma ta buga. Ta wanke mini baki da ruwan gishiri, ta durƙusa tana tsince abin da ya tsintu. Da Baba ya dawo da la'asar ta ce masa guguwa ce ta bi ta kan shanyar. Ya dubi sawun da ke kan daɓe, ya ɗaga leɓena ya ga gurbin haƙori, ya ce, "Guguwa mai taya?" Washegari aka ba ni fartanya.

Yau albasa nake sayarwa a bakin titi. Babura sun fi kaji yawa. Ranar ɗaurin aure yara uku-uku suke hawa, suna ɗaga tayar gaba, wani ya miƙe tsaye a kan kujera, su bi lungu ba ruwansu da tsoho ko na goye. Lawwali kuwa ya gama bokonsa tsaf, ya zama Alhaji, shi ne shugaban kwamitin hana ganganci da babur a unguwarmu. Kwanan baya a taro ya dube ni ya ce, "Malam Mamman, ko kana da abin cewa kan yaran ga marasa tarbiyya?" Na buɗe masa baki kawai, ya ga gurbin haƙorin, ya duƙar da kai.

Mata sun daina shanya a ƙofar gida, Inna ma ta daɗe da rasuwa. Amma in ƙamshin turaren shinkafa ya taso daga wani gida, sai in ga daɓen nan da tsumagiya a tsaye. Zagaye ɗaya aka ce, har yau ba a dawo da ni inda aka ɗauke ni ba.