Sunan da Binta Ba Ta Kira

Nafisa ta shekara ashirin da biyu a Tudun Wada ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta Binta ba. 'Yar fari ce, Binta kuwa mace ce mai riƙon alkunya irin ta mutanen da. In za ta aike ta, sai ta ce, "Ke, wannan." In baƙi suka yaba ɗinkin da Nafisa ke yi a zaure, sai Binta ta tashi duba tukunya. Da haka yarinyar ta iya karatun fuska: yadda uwar ta dire ludayi, yadda ta ja mayafi. Ko atamfa ba ta saye sai ta hango alamar yarda.

Da takardar makarantar koyon jinya ta iso daga Jos, aka ce ranar Litinin ta sama ake rufe rajista. Mahaifinta ya ce duk abin da uwarta ta yanke. Binta ba ta yanke komai ba. Kwana tara Nafisa na jira, ƙirji na bugawa, hannu na rawa, har allurar keken ɗinki ta huda mata yatsa. Likita ya auna ta, ya ce jiki lafiya lau, ya tura su wajen Madam Ruth, mai ba iyalai shawara a wani asibiti a Unguwar Sanusi.

Ranar Juma'a suka je.

"Hajiya, kina so ta tafi?" in ji Madam Ruth.

Binta ta ɗaga kai tana kallon fanka. "Madam, a wajenmu ba a tsoma baki a zancen 'yar fari."

"Na sani. Ni ma a Kaduna aka yanke mini cibiya, ba daga jirgi na faɗo ba. Nafisa, an taɓa yin haka?"

"Bara. Na samu aiki a kamfani a Kudenda. Umma ta yi shiru, sai na fasa."

Alkunyar Binta ba ƙarya ba ce. Amma ta daɗe da gano amfaninta: shiru na tsare mata 'ya a gida, kuma babu mai cewa ita ta hana. Nafisa ma ba ta rasa nata ba. Tsoron Jos take ji, tsoron ɗakin da babu fuskar da za ta duba kafin ta motsa. Muddin uwar ba ta yi magana ba, rashin tafiyar ba zai zama laifinta ba.

"Juya kujerarki, ki kalli bango," in ji Madam Ruth.

"In ba Umma baya? Haba, Madam!"

"Minti ɗaya. In zunubi ne, a rubuta mini."

Nafisa ta juya. Babu komai a gabanta sai kalanda da fentin da ya ɓare. Ta kasa kunne ko za ta ji motsin mayafi. Shiru. Yatsan ya soma zugi.

"In ba ta taɓa faɗa ba fa, har ki yi furfura? Ke me kike so?"

"Ban sani ba." Sai kuma ta ce, "A'a, na sani. Zan tafi. Wallahi tsoro nake ji, amma zan tafi."

Babu wanda ya tanka daga bayanta.

A cikin Keke Napep, sun kusa gida, Binta ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, "An ce Jos akwai sanyi."

Izini ne wannan, ko kashedi? Kallo ɗaya zai gaya wa Nafisa, fuskar na nan dab da kafaɗarta. Wuyanta har ya fara juyawa. Ta damƙe takardar a cinyarta, ta ajiye ido a kan titi.

"To, Umma," ta ce. "Gobe zan sayi rigar sanyi."